Biyan Kuɗin Makaranta, Wuta da Bashin Gida da Kati ta Remita

Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin rajistar ɗalibi a jami'ar tarayya, ko ya yi wa kamfaninsa rajista a hukumar CAC, ko ya biya tarar jami'an kiyaye haɗurra, ya riga ya yi hulɗa da Remita, wato kafar biyan kuɗi ta intanet, ko da bai riƙe sunan ba. Mafi yawanmu ba zaɓar ta muka yi ba, hukumar da muke son biya ce ta tura mu can. Saboda haka babu amfanin tsayawa kan ko za a yi aiki da ita, tunda ga mai biyan gwamnatin tarayya kusan dole ce. Abin da ya kamata a auna shi ne hanyar da mutum zai bi a cikinta, musamman ko katin banki ya dace da kowane irin biya, daga ɗan kuɗin wuta har zuwa bashin gida da ake biya wata-wata na shekaru masu yawa. Ra'ayina, bayan daɗewa ina amfani da ita, shi ne kati ya fi kowace hanya sauri da sauƙi a kan ƙananan kuɗi, amma ba shi zan fara ɗauka ba idan kuɗin ya yi nauyi ko kuma yana da ranar da ba a so a tsallake.

Kamfanin SystemSpecs na Legas, wanda John Obaro ya kafa a 1992, shi ne ya ƙirƙiro Remita, kuma ta yi shekaru tana aikin biyan albashi da aika kuɗi tsakanin kamfanoni kafin talaka ya san da zamanta. Abin da ya fito da ita fili shi ne tsarin Asusun Bai-ɗaya na gwamnatin tarayya, wanda aka fara gwadawa a 2012 zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin aiwatar da shi gaba ɗaya a 2015, aka sanya 15 ga Satumba na wannan shekara a matsayin wa'adi. Kafin nan ma'aikatu da hukumomi suna da dubban asusu a bankunan kasuwanci, kowace tana karɓar kuɗi yadda ta ga dama. Da aka umarce su da su mayar da komai Babban Bankin Najeriya, sai Remita ta zama ƙofar da kuɗin ke bi. Wannan ne dalilin da ya sa ɗalibin Jami'ar Bayero da na Jami'ar Ahmadu Bello da matashin da zai tafi hidimar ƙasa duk suke tarar da ita a gabansu.

Ginshiƙin tsarin lamba ce mai alƙaluma 12 da ake kira RRR, wadda ake rubutawa huɗu-huɗu. Idan mutum ya cike bayanansa a shafin makaranta ko na hukuma, ko a shafin Remita kai tsaye, sai a fitar masa da wannan lamba, kuma a jikinta an ɗaure sunansa, da sunan hukumar da zai biya, da dalilin biyan, da adadin kuɗin. A nan nake ganin babban alherin wannan tsari yake, kuma ba a cika yaba masa yadda ya kamata ba. A da mutum zai cike takardar banki da hannu, ya kai kwafi ofishin akanta, idan takardar ta ɓace ko ruwa ya taɓa ta, to sai ya yi ta rantsuwa yana neman wanda zai gaskata shi. Yanzu lambar ita ce shaida. Ko bayan shekaru ne, mutum zai iya shigar da ita a shafin ya ga ko an biya, ya sake fitar da rasit ɗinsa, kuma jami'in da ke ɗaya ɓangaren zai ga abin da shi ma ya gani. Wani amfanin kuma shi ne lambar ba ta tilasta wa mutum hanya ɗaya. Da ita zai iya biya da kati, ko ta manhajar bankinsa, ko ta lambobin USSD a ƙaramar waya, ko ya kai ta reshen banki ya miƙa tsabar kuɗi. Uba yana Gusau zai iya biya wa 'yarsa da ke Zariya idan ta turo masa alƙaluman nan 12 ta saƙon waya.

Biya da kati yana tafiya ne kamar haka. Bayan an shigar da lambar RRR, shafin zai nuna sunan mai biya da na mai karɓa da adadin kuɗi, kuma a nan ya kamata a dakata a karanta, domin kuskuren da aka yi wajen zaɓar hukuma ko nau'in biya yana da wuyar gyaruwa bayan kuɗi sun tafi. Daga nan sai a zaɓi kati, a rubuta dogayen lambobin da ke gabansa, da watan da zai daina aiki, da lambobi uku na bayansa, wani lokaci har da lambar sirri ta ATM. Sai bankin mai katin ya turo wata lamba ta waya, wadda ake amfani da ita sau ɗaya kuma take mutuwa cikin 'yan mintuna. Katunan Verve da Mastercard da Visa duk suna aiki. Idan sabis yana da kyau, kafin shayin da ke gabanka ya huce an gama, alat ya shigo, rasit ya fito da tambarin an biya. Wanda ya taɓa tsayawa layi a banki a makon ƙarshe na rajistar ɗalibai, da rana tana dukan wuya kuma mai gadi yana shigar da mutane biyar-biyar, ya san darajar waɗannan mintuna. A farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya sa takardar kuɗi ta yi ƙaranci, wannan hanya ce ta rufa wa iyaye da yawa asiri.

Sai maganar caji, wadda ita ce mutane suka fi ƙorafi a kai. Tun daga 2018 gwamnati ta daina ɗaukar nauyin kuɗin aikin, ta ɗora shi a kan mai biya. Cajin da aka saba gani a kan biyan gwamnati shi ne naira 150 da harajin VAT a kai, wanda ya zama naira 161.25 bayan an ɗaga harajin zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a 2020. Biya da kati yakan fi haka, domin ana ƙara wani kaso na adadin kuɗin, ko da yake akwai iyakar da ba ya wucewa. Abin da zan yaba shi ne ana nuna jimillar kafin mutum ya amince, don haka yana da damar komawa baya ya gwada wata hanya ya kwatanta. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne yadda caji tsayayye yake danne mai ƙaramin ƙarfi. Naira 161.25 a kan kuɗin makaranta naira 200,000 ba ta kai a yi magana ba, amma a kan biyan naira 2,000 ta haura kashi 8 cikin ɗari. Wannan tsari ne da Babban Banki da Ofishin Akanta Janar suka amince da shi, kuma ina ganin ya dace su sake duba shi domin masu ƙananan biya.

A kan kuɗin wuta ba ni da doguwar magana. Ana iya sayen kati na mita ta nan, ko mutum yana ƙarƙashin KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa, ko kamfanin Kaduna da ke kula da Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. A shigar da lambar mita, a tabbatar sunan da ya fito na mai gidan ne, a biya, lambobi 20 su fito a loda. Sai dai a wannan fanni Remita ba ta fi sauran ba, domin manhajar kowane banki da ta kamfanonin kuɗi na waya suna yin wannan aiki, wasu ma da matakai kaɗan. Wanda ya saba da wata hanya ba shi da dalilin barin ta.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne bashin gida. Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, ya samo asali ne daga wata ƙungiyar gina gidaje da aka kafa a 1956, ya koma banki da wannan suna a 1977, kuma shi ke riƙe da Asusun Gidaje na Ƙasa da dokar 1992 ta samar. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa duk wata, kuma bayan ya yi aƙalla wata shida yana zubawa zai iya neman lamuni a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya cikin shekarun da za su iya kaiwa 30. Ga ma'aikacin gwamnati, ana cire kuɗin tun daga tushe, ba ya ganin su balle ya yi tunanin kati. Wanda maganar ta shafa shi ne ɗan kasuwa, da tela, da mai shagon magani, da duk mai cin gashin kansa da ya shiga tsarin da ƙafarsa, domin shi zai fitar da lambar RRR da sunan bankin ya biya da kansa. A ɗauki mai samun naira 70,000 a wata, wato mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024. Zubinsa naira 1,750 ne, kuma cajin naira 161.25 ya cinye fiye da kashi 9 cikin ɗari na abin da ya zuba. Irin wannan mutum ya kamata ya tambayi reshen bankin da ke jiharsa yadda zai haɗa watanni ya biya lokaci guda, tare da rubuta lambarsa ta asusun gidaje da watannin da ya biya a wurin bayani, domin kuɗin su shiga shafinsa.

Biyan lamunin kansa wani abu ne daban, kuma a nan mutane suke ruɗewa. Lamunin asusun gidaje yawanci ba daga hannun FMBN kai tsaye yake zuwa ba, yana biyowa ne ta wani bankin lamunin gidaje mai lasisi, wanda shi ne ya san mai bashin, shi ke riƙe da takardun gidan, kuma shi ake biya. Saboda haka kafin mutum ya fitar da wata lamba, dole ya samu rubutaccen bayani daga wannan banki kan inda kuɗin wata za su shiga da kuma yadda za a rubuta su. Kuɗin da aka tura wa hukumar da ba ita ba, ko a ƙarƙashin nau'in biyan da ba shi ba, ba su ɓace ba, amma dawo da su yana cin wasiƙu da zirga-zirga, kuma a wannan tsakani littafin bankin yana nuna mutum bai biya ba.

A duba girman abin da ake magana a kai. Lamunin naira miliyan 10 a kan ruwa kashi 6 na shekara 20 yana nufin kimanin naira 71,600 duk wata, har sau 240. Biya da kati a kowane wata yana nufin sau 240 mutum zai dogara da abubuwa uku su daidaita a lokaci guda: sabis ɗin wayarsa, da na'urar bankinsa, da hanyar da ke haɗa su. Ga kuma ƙarin cajin kati da zai yi ta taruwa. Katin kansa yana da wa'adi, bayan 'yan shekaru sai ya mutu a nemi sabo, kuma bankuna da yawa suna sanya iyaka a kan abin da za a iya kashewa da kati ta intanet a rana guda. Na taɓa zama da daddare a ranar ƙarshe ta wani biya mai nauyi, na shigar da komai daidai, sai bankina, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya ƙi sakin kuɗin saboda adadin ya wuce iyakar da aka sanya wa katin tun ranar da aka ba ni shi. Babu wanda ya taɓa gaya mini da wannan iyaka, kuma ɗaga ta sai da na je reshe na cike fom. Abin da ya fitar da ni a daren shi ne lambar RRR ɗin ba ta mutu ba, na ɗauke ta na biya ta manhajar banki, aka wuce wurin.

Domin haka, ga bashin gida, na fi karkata ga umarnin cire kuɗi kai tsaye daga asusu, wanda Remita ma tana da shi. Mutum zai sa hannu sau ɗaya ya ba da izinin a riƙa cire adadi kaza a rana kaza har zuwa lokaci kaza, daga nan kuma abin da ya rage masa shi ne ya tabbatar akwai kuɗi a asusun kafin ranar. Ya kamata dai a karanta takardar izinin da kyau, a duba adadi da ranar farawa da ranar ƙarewa, domin izini ne mai ƙarfi kuma masu ba da bashi da dama da shi suke karɓar kuɗinsu. Kati ya zauna a matsayin hanyar gaggawa, ranar da cirewar ta kasa ko kuma mutum ya samu rarar kuɗi yana son rage uwar bashin.

Na san akwai masu karatu da dama da ba za su kusanci lamuni mai ruwa ba ko da kashi 6 ne, kuma wannan matsayi ne da nake girmamawa. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019, suna da nasu tsarin mallakar gida ta hanyar haya ko ciniki, amma su ma biyan wata-wata ne, don haka duk abin da na faɗa game da kati da cire kuɗi kai tsaye ya shafe su.

Wasu daga cikin 'yan'uwanmu da ke Amurka sukan ba da labarin biyan bashin gida da kati, kuma yana da kyau a gane cewa abin da suke nufi daban ne. A can bankunan lamunin gida ba su cika karɓar katin bashi kai tsaye ba, sai aka samu kamfanoni irin su Plastiq da ke cire kuɗi daga katin mutum su aika wa bankin, su ɗauki lada, wanda a 2023 kashi 2.9 ne cikin ɗari. A kan wannan lada, wanda ke biyan dala 2,000 a wata zai ƙara dala 58, wato dala 696 a shekara, kuma masu yin haka suna yi ne domin tara makin tukuici na kati ko domin jinkirta fitar da tsabar kuɗi na 'yan makonni. Ainihin abin dai biyan bashi ne da wani bashin wanda ruwansa ya fi tsada. A Najeriya mafi yawan katunan da ke aljihunmu na cirar kuɗin da mutum ya ajiye ne, ba na bashi ba, saboda haka babu makin da za a tara mai yawa, babu kuma jinkirin da za a samu. Abin da kati ke ba mu sauri ne kawai, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.

Matsalar da kowa ke tsoro ita ce a cire kuɗi amma rasit bai fito ba. Wannan yana faruwa a kowace hanyar biya ta intanet, domin saƙon yana ratsa hannaye da yawa kuma yana iya yankewa a tsakiya. Babban kuskure a irin wannan hali shi ne sake biya nan take. Abin yi shi ne a jira kaɗan, a shigar da lambar RRR a duba matsayinta, domin sau da yawa biyan ya shiga, shafin ne bai nuna ba. Idan har lambar ta ci gaba da nuna ba a biya ba, to kuɗin suna wajen bankin da ya ba da katin, kuma can za a kai ƙorafi a rubuce tare da alat ɗin da lambar. Tun watan Yunin 2020 Babban Banki ya umarci bankuna su warware irin wannan matsala ta biyan intanet da na POS cikin awa 72, kuma wanda bankinsa ya yi mako biyu bai share masa hawaye ba yana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin. Kwana uku ba komai ba ne ga kuɗin talabijin, amma ga ɗalibin da za a rufe shafin rajista gobe, ko mai bashin gida da za a rubuta masa tarar jinkiri, suna da yawa. Wannan ne ya sa nake cewa duk biyan da ke da wa'adi a yi shi da sauran kwanaki a gaba, kuma a ranar aiki, lokacin da akwai wanda za a samu a banki.

Ko bayan rasit ya fito, aikin mai bashin gida bai ƙare ba. Rasit yana tabbatar da cewa kuɗi sun isa asusun mai karɓa, amma ba ya tabbatar da cewa wani ma'aikaci ya rubuta su a shafin wane. Ina ba da shawarar a ajiye kowane rasit a waya da kuma a takarda, a kuma nemi cikakken bayanin asusu daga bankin lamunin aƙalla sau ɗaya a shekara, a jera shi da rasit-rasit ɗin wata bayan wata. Gyaran giɓin wata ɗaya a cikin shekarar da ya faru abu ne mai sauƙi, amma gano shi bayan shekara 15, ranar da aka je karɓar takardun gida, wahala ce da ba na yi wa kowa fatanta.

Akwai abu guda da ke damuna wanda ya shafi mutanenmu kai tsaye. Shafin da Turanci yake, sunayen hukumomi da nau'o'in biya kuma suna da yawa kuma wasu suna kama da juna, don haka dattijo ko uwar da ba su yi boko mai zurfi ba dole su nemi taimako. A bakin ƙofar kowace babbar makaranta za ka ga shagunan kwamfuta cike, yaro ɗaya yana zaune gaban na'ura, mutane sun kewaye shi kowa da takardarsa a hannu. Na sha ganin mutum ya zaro katinsa ya miƙa, ya karanto lambar sirrinsa da ƙarfi, sannan ya miƙa wayarsa domin a duba lambar da banki ya turo, duk a gaban baƙin da bai sani ba. Yawancin masu shagunan nan mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, amma wanda ya ga gaban kati da bayansa kuma ya ji lambar sirri ya samu kusan duk abin da ɗan damfara ke nema. Kamfanin da ke karɓar kuɗin miliyoyin mutane daga Sakkwato zuwa Maiduguri ya kamata ya samar da shafi da Hausa, aƙalla a matakan biya da duba matsayin lamba, kuma ina fatan masu shi za su ji wannan kira. Kafin hakan ta samu, wanda ba zai iya yi da kansa ba ya bar mai shago ya fitar masa da lambar RRR ya buga masa ita a takarda, ya biya shi ladan aikinsa, sannan ya ɗauki takardar zuwa reshen banki ko ya ba wani amintacce a cikin gida ya biya ta waya, katin kuma ya ci gaba da zama a aljihunsa.